Yadda ake saita firintar ofis a wuri ɗaya, saitin ya bi kowace kwamfuta

Akwai wani ofis da nake kula musu da kwamfutoci, guda goma sha huɗu ne, duk suna bugawa a firinta ɗaya mai kala da ke lungu kusa da teburin sakatariya. Wata ɗaya bai cika da sayen tona ba sai ga ja ya kusa ƙarewa, shuɗi ma haka. Oga ya kira ni ya ce Malam dan Allah ka mayar mana da ita baƙi da fari, kuma ta riƙa bugawa gaba da baya tunda ka ga yadda rim ɗin takarda ya koma. Na zauna a kwamfutar da ke raba firintar, na canza, na buga gwaji ya fito daidai, na tafi. Washegari Hajiya sakatariya ta miƙo min wasiƙa mai shafi huɗu, kowane shafi a takardarsa, tambarin ofis ja jawur a sama, ta ce Malam ni fa a wajena babu abin da ya canza. Gaskiyarta ne kuwa. A wurin da bai dace ba na yi canjin, kuma kusan duk wanda ya taɓa raba firinta a netwok ya faɗa wannan ramin.

Abin da ke faruwa shi ne Windows yana da taga biyu masu kama ɗaya sak, direba ɗaya ne ke zana su (direba shi ne manhajar da ke haɗa Windows da firintar), maɓallansu iri ɗaya, amma aikinsu daban. Ta farko ita ce Printing Preferences, wadda za ka gani da ka danna firintar da hannun dama, ko maɓallin Preferences da ke shafin General. Duk abin da ka canza a nan naka ne kai kaɗai, wato na asusun da aka shiga da shi a wannan kwamfutar, ko da kuwa a kan saba kake zaune, wato kwamfutar da ke raba firintar, kuma kai ne admin. Ta biyun tana ɓoye ne: ka buɗe Printer properties, ka je shafin Advanced, can ƙasa ta hagu akwai Printing Defaults. Wannan ita ce kwamfutocin ma'aikata ke ɗauka idan sun haɗu da firintar. In ba a nan ka saita ba to kanka kawai ka yi wa.

Hanyar zuwa: a kwamfutar da ke raba firintar ka danna maɓallin Windows da R tare, ka rubuta printmanagement.msc. Idan bai buɗe ba, dan ba kowane Windows ke da shi ba, Home dai babu, sai ka bi ta Settings, Printers & scanners, ka zaɓi firintar, sannan Printer properties. In ka ga komai ya yi toka-toka ba ya dannuwa, ka duba shafin General akwai Change Properties, shi zai nemi izinin admin.

Amma kar ka yi saurin shiga Printing Defaults tukuna. Fara da shafin Device Settings, wasu direbobin suna kiransa Configuration ko Accessories. Nan ne ake gaya wa direba abin da ke jikin injin: tire nawa ne, wace takarda ke kowane tire, akwai na'urar juya takarda ko babu. Sau da yawa za ka tarar firinta tana iya gaba da baya amma direba ya rubuta Duplex Unit: Not Installed, to ko ka kwana kana nema ba za ka ga zaɓin ba, ko kuma ka ga wanda ke cewa ka juya takardar da hannunka. Ka mayar da shi Installed. A direban HP na gama-gari akwai Automatic Configuration, ka zaɓi Update Now zai tambayi firintar da kansa. Kowane tire kuma ka sa masa A4.

Maganar A4 ɗin nan ina so in ɗan tsaya a kanta, dan ita ce ta fi cin ran mutane kuma ba sa sanin daga ina take. Mu takardar da muke saya a kasuwa A4 ce, milimita 210 a faɗi, 297 a tsawo. Amurka da Kanada kuma Letter suke amfani da ita, 216 da 279, ta ɗan fi faɗi amma ta fi gajarta. Yawancin kwamfutocin da ake kawo mana na hannu, ko waɗanda mai gyara ya sa wa Windows ya yi ta danna Next bai canza ƙasa ba, suna nan a saitin Amurka, direba kuma idan ka sa shi sai ya ɗauki Letter. Sakamakon shi ne ka tura aiki firinta ta tsaya tana ƙyafta fitila tana neman takardar da babu ita a ofis, tsofaffin HP LaserJet har rubutawa suke PC LOAD LETTER, sai wani ya tashi ya je ya danna OK kafin ta ci gaba, na bayansa duk suna layi. Ko kuma ta buga amma rubutun ya karkace, ƙasan takarda ya bar fili babba. Wuri uku ake gyara wannan: a jikin firintar kanta, inda ake faɗa mata girman takardar da ke tire, sai Device Settings, sai Printing Defaults. Ka bar ɗaya a Letter matsalar za ta dawo.

To yanzu shiga Printing Defaults. Paper size A4. Kala ka mayar Black & White ko Grayscale, in direban yana da Black only ka zaɓe shi, dan wasu firintocin a Grayscale suna ɗan haɗawa da tona mai kala. Gaba da baya kuma iri biyu ne, Flip on long edge shi ne na wasiƙa da rahoto, yadda ake buɗe littafi, short edge kuma bayan zai fito a kife in takardar a tsaye take. Ka danna Apply, ka danna OK, ka rufe komai, sannan ka sake buɗewa ka gani da idonka ya zauna. Akwai direbobin da sai ka yi sau biyu.

Wanda ya fi son rubutu, tun daga Windows 8 da Server 2012 PowerShell yana yin wannan. Ka buɗe shi a matsayin admin a kan sabar:

Set-PrintConfiguration -PrinterName "Firinta-Ofis" -PaperSize A4 -DuplexingMode TwoSidedLongEdge -Color $false

Get-PrintConfiguration kuma zai nuna maka abin da ke kai yanzu. Yana da daɗi idan firintocin suna da yawa, sai dai ni ko na yi da shi sai na koma na leƙa tagar, sabida wasu direbobin suna ajiye maganar kala a nasu wurin daban, umarnin ya wuce ba kuskure amma takarda ta fito da kala.

Yanzu ka tashi ka je kwamfutar wani ma'aikaci, kar ka yi gwaji daga saba. Buɗe Printing Preferences a wajensa. Za ka ga mutane sun rabu biyu. Wanda bai taɓa shiga ya canza komai ba yawanci sabon saitin zai zo masa da kansa, wani lokaci sai ya fita daga asusunsa ya sake shiga. Wanda kuwa ya taɓa shiga Preferences ya danna OK, ko da shekara biyu ne da suka wuce ko da abu ɗaya ya taɓa, Windows ya ajiye masa kwafin saitin gaba ɗaya a asusunsa, kuma nasa ne ke gaba da na saba. Haka aka tsara shi da gangan dan kowa ya iya zaɓen abin da yake so. Hajiya tana cikin waɗannan, ta taɓa canza tire lokacin da take buga katin gayyata.

Maganinsu a cire firintar a sake haɗawa. Da hannu ma ana yi, Remove, sannan Windows da R ka rubuta \\SABA (a wurin SABA ka sa sunan sabarku) ka danna firintar sau biyu. In kwamfutocin suna da yawa ka sa layi biyun nan a fayil ɗin bat, wato fayil ɗin rubutu mai ƙarshen .bat da ke aiwatar da umarni in an danna shi, ka yawata da shi:

rundll32 printui.dll,PrintUIEntry /dn /n "\\SABA\Firinta-Ofis"

rundll32 printui.dll,PrintUIEntry /in /n "\\SABA\Firinta-Ofis"

Na farko cirewa, na biyu haɗawa. Abin lura, a asusun mai kwamfutar za ka kunna shi, yana zaune a ciki. In ka yi Run as administrator ka sa naka sunan, to firintar asusunka ka cire ka mayar, tasa tana nan yadda take. Na ga wanda ya zaga ofis guda haka ya dawo yana cewa umarnin ba ya aiki.

Wani lokaci ko an cire an mayar tsohon saitin sai ya dawo. Nan sai rajista, wato ma'ajiyar saitunan Windows. Buɗe regedit a asusun mutumin, ka je HKEY_CURRENT_USER\Printers, za ka ga DevModePerUser da DevModes2. A cikinsu ka nemo layin da ke ɗauke da sunan firintar ka goge shi shi kaɗai, bayan ka danna Export ka ajiye kwafi. Kar ka share Printers ɗin gaba ɗaya. Sai ya fita ya sake shiga, ka haɗa firintar.

Ni dai in za a bi tawa, idan canjin babba ne ba na wahalar da kaina da wannan. Sabuwar firinta nake ƙirƙira a saba, inji ɗaya, fot ɗaya (hanyar da saba ke bi ya isa injin), direba ɗaya, suna ne kawai sabo. In gama Device Settings, in gama Printing Defaults, in gwada, sai a ƙarshe in shiga Sharing in raba ta. Tunda babu wanda ya taɓa ganin wannan sunan, babu tsohon saiti a asusun kowa, duk wanda ya haɗu abin da na tsara zai ɗauka. Bayan kwana biyu in cire tsohuwar. Wannan jerin shi ne daidai ko da sabuwar firinta aka sayo: saiti tukuna, rabawa daga baya. Ka raba da safe ka ce za ka saita da yamma, kafin azahar mutum biyar sun haɗu sun yi nasu.

Inda ake da domen, wato saba ne ke kula da asusun ma'aikata da kwamfutocinsu, Group Policy da ake tura musu dokoki da shi zai ɗauke maka yawon. User Configuration, Preferences, Control Panel Settings, Printers, New, Shared Printer, ka sa hanyar firintar. Sai dai mutane suna zaton a nan ake sa A4 da gaba da baya, a'a, shi haɗin kawai yake kaiwa, da zaɓin wace ce za ta zama firintar farko, saitin takarda yana nan a Printing Defaults na saba. Action ɗin shi ne abin kula. Update yana haɗa wanda ba shi da ita, ya bar mai ita. Replace kuma cirewa yake ya sake haɗawa duk lokacin da aka sabunta doka, kuma ana sabuntawa duk minti 90 da ɗan ƙari har zuwa 30, ga lokacin shiga asusu. Dan haka Replace yana da amfani na kwana ɗaya ko biyu dan a wanke tsohon haɗi, daga nan ka mayar Update, in ka manta shi shiga kwamfuta zai riƙa nauyi, mutane kuma su riƙa ganin firinta ta ɓace ta dawo. A shafin Common akwai Item-level targeting, da shi za ka ce 'yan akawu su sami ta ofishinsu, 'yan sama su sami ta sama. gpupdate /force dan gwaji nan take.

Akwai kuma waɗanda duk abin da ka yi ba zai taɓa su ba, sabida tun farko ba ta saba suke bi ba, wani ya zo ya sa musu firintar kai tsaye da lambar IP. Gane su ba wuya: wadda ta bi ta saba sunanta yana fitowa kamar Firinta-Ofis on SABA, wadda babu wannan on ɗin ta gida ce, saitinta a cikin kwamfutar yake. Ka cire ta ka haɗa su ta saba. In kuma ofishin babu saba sam kowa kai tsaye yake, za ka iya saita kwamfuta ɗaya ka kwashe saitin zuwa fayil:

rundll32 printui.dll,PrintUIEntry /Ss /n "Firinta-Ofis" /a "C:\saiti.dat" g d

A sauran kuma ka canza /Ss zuwa /Sr ka zuba. Sharaɗi dai direban ya zama iri ɗaya har lambar fitowarsa, in ya bambanta ko ya ƙi ko ya cakuɗa.

Bayan duk wannan wani zai zo ya ce har yanzu Letter take nema. Kafin ka koma saba ka tambaye shi daga wace manhaja. Word yana ajiye girman takarda a cikin fayil ɗin ne, takardar da aka rubuta a Letter tana nan a Letter ko wa ya buɗe ta. Layout, Size, A4, kuma in ana so sababbi su riƙa fitowa haka a buɗe Page Setup a danna Set As Default. Excel ma yana tafe da nasa a cikin fayil. Chrome kuma yana tuna abin da aka zaɓa a bugun ƙarshe, wanda ya buga hoto da kala jiya yau ma kala zai gani sai ya canza da hannu sau ɗaya. Kuma manhajar da take buɗe tun kafin ka yi canji a rufe ta a sake buɗewa.

Abin da na gaya wa oga kuma gara kai ma ka faɗa tun wuri: saitin farko ba kwaɗo ba ne. Duk wanda ya so zai shiga ya mayar da kala. Amfaninsa shi ne yawancin bugun kala ba da niyya ake yi ba, mutum ya danna Print ne kawai, wasiƙa baƙa amma tambari da layin imel shuɗi sun ja tona. In ana son tsari sosai sai a yi suna biyu a inji ɗaya, Ofis-Baƙi na kowa, Ofis-Kala kuma ka shiga shafin Security ka cire Everyone ka sa waɗanda aka yarda musu, Print kawai za ka ba su, ban da Manage this printer dan mai wannan izinin zai iya canza wa kowa saiti. Ko da haka mai wayo zai iya kunna kala a ta baƙin, hanawa ta gaske a jikin firintar take. Ka rubuta IP ɗinta a burauza, yawancin manyan firintocin ofis suna da shafin da ake hana kala ko a ba kowa lambar sirri, wasu har za ka iya cewa kar ta karɓi aiki sai daga saba. Ka sa wa wannan shafin kalmar sirri, dan da yawa a buɗe suke zuwa ko da wadda kowa ya sani.

Wani abu mai kama da suna amma daban: wace firinta ce ke fitowa da farko. Tun Nuwamba 2015 Windows 10 ya zo da Let Windows manage my default printer, wato duk wadda ka yi amfani da ita a ƙarshe ita ce ta farko, mutum ya buga kala sau ɗaya shikenan ya zauna a can. A kashe shi a Printers & scanners, a domen kuma dokar sunanta Turn off Windows default printer management, ƙarƙashin User Configuration, Administrative Templates, Control Panel, Printers.

Direba kuma dan Allah in yana aiki a bar shi. Tun bayan ɓarakar tsaron nan ta 2021 da aka sa wa suna PrintNightmare, daga sabuntawar Agusta ta shekarar, ma'aikaci ba ya iya saukar da direba daga saba sai da izinin admin. Kenan ka canza direba a saba da daddare, da safe kowa taga ta tare shi tana neman kalmar sirri, kuma canjin direba kan mayar da Printing Defaults yadda ya fito daga kamfani, Letter da kala su dawo. A intanet za ka ga ana cewa ka sa RestrictDriverInstallationToAdministrators ya zama 0, yana aiki, amma ƙofar da aka rufe ce kake buɗewa, ni ban yarda da shi ba. Ka bi kwamfutocin ka sa direba iri ɗaya da na saba da asusun admin tun kafin a haɗa, ya fi.

Sai abin da ya shafe mu musamman, ɗauke wuta. Wuta ta tafi, a tada janareto, rauta ta tashi ta raba lambobi sabo, firinta ta sami wata IP daban, saba na can na neman tsohuwa, kowa ya ga Offline. Ka ba ta lamba tsayayya, ko a jikinta ko ka keɓe mata a rauta, kuma a shafin Ports ka yi amfani da Standard TCP/IP Port maimakon WSD da Windows ke sawa da kansa. Idan kwamfutar da ke rabawa ba Windows Server ba ce, Windows 10 ko 11 ce ta tebur, ka san haɗi 20 ne iyakarta a lokaci ɗaya, ka hana ta barci a saitin wuta, ka sa mata UPS, kuma ka roƙi mai ita kar ya kashe ya tafi sallah ko cin abinci ana tsakiyar aiki.

Masu Mac da Linux ba sa ɗaukar Printing Defaults na Windows, su tsarin bugunsu CUPS ne, localhost:631 a burauza, Set Default Options, a Mac sai an fara kunna shafin da cupsctl WebInterface=yes.

Da komai ya zauna ka ɗauki kwafi. A Print Management ka danna sunan sabar da hannun dama, Export printers to a file, zai kwashe firintoci da direbobi da fot da saitinsu a fayil ɗaya, ka ajiye a filashi ba a kan sabar ba. A ofishin can haka muka ƙare: suna biyu, na cire wa kowa tsohuwar, na zauna kusa da Hajiya ta buɗe wasiƙar nan mai shafi huɗu, muka mayar da ita A4 a Word, ta danna Print ba ta taɓa komai ba, takarda biyu suka fito gaba da baya, tambarin baƙi.